Wuƙar aljihu mai ninkewa: mai haƙora ko mai baki sumul?

Ɗan Kadawa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya. Zan sayi wuƙar aljihu irin mai ninkewar nan saboda aikin gona. Mai kanti ya nuna min iri biyu, ɗaya bakinta sumul irin wadda muka sani, ɗayar kuma an yi mata haƙora kamar zarto. Akwai ma ta uku da aka raba, rabi haƙora rabi sumul. Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Abin da na fi yi da wuƙa shi ne yanke igiyar leda, datse mesa idan ta fashe a wurin ban ruwa, farke bakin buhun taki, sai ɗan feraye rake. Wacce zan ɗauka?

Mai Nama Gujungu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ɗauki sumul, kada ka tsaya dogon tunani. Ni da wuƙa na tashi, fawa muka gada a gidanmu. Duk wuƙar da ba za ka iya tsugunawa ka wasa ta a kan dutse nan take ba, ranar da ta dakushe wurin mai kanti za ka koma da kuɗinka ka sayi wata.

Masuncin Hadejia: Alhaji, a kan nama maganarka dutse ce, amma yaron nan bai ce fiɗa zai yi ba. Igiyar leda ya ce, da mesa. A nan kam mai haƙora ta yi wa sumul nisa. Igiyar nailan idan ta sha ruwa ta yi santsi, ka ɗora mata sumul sai ka ji bakin yana zamewa, kana ja tana gocewa, sai ka danne ta a kan katakon jirgi kafin ta yanku. Mai haƙora kuwa da ka ɗora ta cafke, ja ɗaya ko biyu igiya ta rabu, ko da a sama take reto babu inda za ka danne ta. Mu da raga ke sarƙe mana a cikin kacala, hannu ɗaya yana riƙe da jirgi ɗaya yana yanka, mun san bambancin.

Mai Nama Gujungu: In dai sumul ta zame a kan igiya, to ba a wasa ta ba ne.

Masuncin Hadejia: An wasa ta, Alhaji. Da safe tana aske gashin hannu, kafin azahar ta mutu. Igiyar da ta kwana a kogi cike take da rairayi, shi ke cinye bakin wuƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malamin Fasaha Ringim: Bari in faɗi abin da ke faruwa a bakin ƙarfen, wataƙila ya taimaka wa mai tambaya. Yanka iri biyu ne, akwai na dannawa, akwai na ja. Feraye, fiƙe itace, fiɗa, yanka albasa, duk dannawa ake yi, bakin wuƙa ya ratsa abin kai tsaye, kuma sumul ce gwanar wannan. Igiya, mesa, bel, kara, waɗannan sai an ja. Tsinin kowane haƙori yana tara ƙarfin hannunka a wuri ɗan ƙanƙani, sai ya huda abin, sannan lungun da ke tsakanin haƙori da haƙori ya ƙarasa yankan. Idan kuma wuƙar ta bugi dutse ko ƙarfe, tsinin ne ke karɓar bugun, lungun yana ciki babu abin da ya taɓa shi. Shi ya sa mai haƙora take ci gaba da aiki ko bayan ta fara dakushewa. Sai dai a lokacin yaga take yi, ba yanka ba.

Tsofaffin wuƙaƙen aljihu galibi sumul ne. Opinel ta Faransa tun 1890 haka take. Okapi da iyayenmu suka sani, mai zoben nan a baya, a Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902, sai a 1988 aka mayar da aikin Afirka ta Kudu, ita ma sumul ce. Wanda ya yayata haƙora a wuƙar aljihu shi ne kamfanin Spyderco na Amurka. Sun fitar da wuƙarsu ta farko a 1981, a 1982 suka fitar da mai haƙora saboda masu aikin jirgin ruwa, wato dai irin matsalar Yaya na Hadejia ce ta haifar da ita. Amma abin da nake so a lura da shi, kafin kamfanin nan ya fara wuƙa, abin wasa wuƙa yake sayarwa, wasu sanduna na tangaran masu kusurwa uku da ke shiga lungun haƙora. A can duk wanda ya sayi mai haƙora, abin washinta yana kusa da shi. Mu a Kadawa ko Auyo ina za ka samu?

Ɗan Kadawa: Malam, to ke nan ba a iya wasa ta ko kaɗan a nan?

Baba Maƙeri Wudil: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta muku abin da nake faɗa. Yaro, ana wasa ta, amma sai mai haƙuri. Ka juya wuƙar ka duba da kyau, za ka ga haƙoran ta fuska ɗaya kawai aka gurza su, bayan a shafe yake. To ta wannan fuskar da aka gurza za ka bi. Ka nemi siririn magagari mai zagaye, irin wanda masu zarton inji ke gyara sarƙarsu da shi. In ba ka samu ba, ka naɗa sanfefa mai laushi a jikin ƙusa ko sifok ɗin keke. Ka sa shi a lungu ɗaya, ka kwantar da shi daidai yadda gurzar asali ta kwanta, ka tura a hankali har sai ka ji ɗan ƙarfe ya tanƙwaro ta baya idan ka shafa da yatsa. Sai ka koma lungu na gaba. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. In ka gama, ka kwantar da bayan wuƙar a kan dutse ka goge sau kaɗan, don abin da ya tanƙwaron ya fita.

Abin da ke kashe ta shi ne mutum ya ɗauke ta ya goga a kan dutsen washi yadda ya saba da sumul. Tsinin haƙoran ne kawai ke taɓa dutse, sai su cinye, lungun kuma bai samu komai ba. Irin waɗannan ake kawo min ranar Juma'a, ba su zama sumul ba, ba su zauna masu haƙora ba. Ni kuma abin da nake yi, in sa giranda in share haƙoran gaba ɗaya in fitar mata da sabon baki. Wuƙa ta rame, amma ta dawo aiki.

Masuncin Hadejia: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni da sanfefa da ƙusa nake yi, kuma da dare bayan isha nake zama a kai. Ba ya min wahala, don ba kullum take buƙata ba.

Baba Maƙeri Wudil: Kai ka iya, ɗana. Amma mutum nawa ne za su zauna su yi? Sannan akwai wata magana da ba wanda ya taɓo. Yawancin na arhar nan da ake zubawa a faranti a kasuwa, ƙarfensu taushi ne da shi. Masu yin su sun san in suka bar bakin sumul, kwana kaɗan asirinsu zai tonu, shi ya sa suke buga musu haƙora, don ko gwangwani ka yi wa haƙora zai yaga igiya. Wuƙa ƙarfe ce kafin komai. Mu sifirin mota muke sara, mu gasa shi ya yi ja, mu buge shi, mu tsoma shi ya yi tauri, sannan mu ɗan mayar da shi wuta kada ya riƙa karyewa. Ƙarfen da bai sha wannan ba, ko wane irin baki aka yi masa ba zai riƙe ba.

Direban Maigatari: Ni ina bayan mai haƙora, kuma ba don ado ba. Ranar Alhamis muke lodin shanu mu nufi kudu. Duk wanda ya taɓa hawa bayan tirela ya san abin da nake nufi. Saniya ta zame ta faɗi a tsakiyar 'yan uwanta, igiyar da aka ɗaure ƙahonta da ita ta shaƙe ta, idonta ya fito, sauran suna tattaka ta. Igiyar ta ɗaure tamau, ta jiƙe da fitsari da kashi, babu maganar kwance ƙulli. Yaron mota yana rataye da hannu ɗaya a jikin ƙarfe. A wannan lokacin ba ka neman yanka mai kyau, so kake igiya ta rabu yanzu yanzu. Na ga sumul ta ba mutum kunya a irin wannan wurin, ban taɓa ganin mai haƙora ta ba da ba. Haka bel ɗin kujera idan an yi haɗari. Masu aikin ceto a ƙasashen waje irin wadda suke riƙewa ke nan, mai haƙora, kuma kanta a dakushe don kada ta soki wanda ake ceto.

Mai Nama Gujungu: To in saniyar ta riga ta galabaita sai an yanka fa? Da zarton za ku yanka ta?

Direban Maigatari: Haba Alhaji. Akwai babbar wuƙa a cikin kube a gaban mota, wannan aikinta ne. Ba wanda ke yanka sa da wuƙar aljihu.

Ɗan Kadawa: Wannan ta tuna min. Wani lokaci akuya takan ci wani abu a gona ta kumbura, ko kaza ta faɗa rijiyar ban ruwa, a ce yi maza a yanka. Allah gafarta Malam, in mai haƙora ce a aljihuna, ya halatta?

Malam Mai Almajirai: Ɗana, ba zan ce maka naman ya haramta don wuƙar tana da haƙora ba, matuƙar an yanke abin da ake yankewa kuma an ambaci sunan Allah. Amma ka saurara. Hadisin Shaddadu ɗan Ausi da Muslim ya ruwaito, wanda yake na 17 a Arba'una, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a yanka a kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Wuƙar da ke yaga tana kama gashi ba ta hutar da dabba. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya ana so a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba. A Risala an faɗa ƙarara cewa wanda ya ɗage hannunsa bayan ya yanke wani sashe, sannan ya dawo ya ƙarasa, ba a cin wannan yankan, ko da yake masu sharhi sun yi bayani a kan ɗagewar dole da kuma tsawon lokacin. To wuƙar da haƙoranta za su cushe da gashi ta tsaya maka a tsakiyar wuya, ita ce mai jefa ka cikin wannan shubuhar. Don me za ka kai kanka?

Ni kuma a nawa aikin, alƙalami nake fiƙewa kullum, nawa da na yara. Bakin alƙalami yana son wuƙar da za ta ɗebe ɓawo siriri, ta tsaga tsakiya daidai, ta datse kan a karkace yadda tawada za ta zauna a kan allo. Mai haƙora farfasa karan take yi.

Mai Nama Gujungu: Allah ya saka da alheri Malam. Ga kuma fata. Masu sayen fata ɗaga ta suke yi su haska a rana, huda ɗaya ta rage mata kuɗi. A fiɗa, cikin wuƙa ne ke bi tsakanin fata da nama a hankali, hannun hagu yana ja. Tsini ko ɗaya a bakin nan, ka ɓata fatar mutane. Kilishi kuwa ba a ma magana, yaya za ka shimfiɗe tsoka ta yi fallen da za ka hango haske ta cikinsa da wuƙa mai yaga?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki, don mu ma muna riƙe wuƙa fiye da yawancinku. Ina da mai haƙora a kicin, kuma ga tumatir da ya nuna sosai da burodi babu kamarta, don tana huda ɓawon ba ta matse shi. Amma kuɓewa, albasa, alayyafo, zogale, duk abin da ake son ya fita ƙanana, sumul ce. Ita kuma ko a gindin kofin tangaran na goga ta, ko a bakin dutsen niƙa, ta tashi. Abin da nake so Ɗan Kadawa ya duba shi ne tsabta. Ka farke buhun taki da ita, ka datse mesa, wataƙila ka buɗe galan ɗin maganin feshi, sannan ka feraye rake ka ba yaro. Sumul in ka wanke ka goge ta fita tas. Mai haƙora datti yana maƙalewa a lungunan, ga kuma wurin ninkewar da ke tara ƙasa. Wuƙar da ta taɓa maganin feshi kada ta taɓa abinci, ko wace iri ce.

Malamin Fasaha Ringim: Hajiya ta faɗi abin da ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci ga lafiya. A riƙe shi.

Direban Maigatari: To ai shi ya sa aka yi rabi da rabi. Ka samu haƙora na igiya, ka samu sumul na rake. Ni ita zan ce ya saya.

Malamin Fasaha Ringim: Yaya, a nan ban bi ka ba. Ruwan wuƙar aljihu bai cika wuce inci 3 ko 4 ba. Ka raba shi biyu, me ya rage? Haƙoran ba su kai tsawon da za ka ja igiya mai kauri ba, sumul ɗin bai kai ka yanka abu a ja ɗaya ba, kana cikin yanka sai haƙoran su shigo su kama. Kuma galibi kusa da mariƙi suke sa haƙoran, alhali nan ne wurin da hannu ya fi iko da wuƙa idan za ka fiƙe turke ko ka feraye wani abu. Sun ƙwace maka wuri mafi amfani.

Direban Maigatari: A takarda haka ne, Malam. A kan hanya kuwa inci ɗaya da rabi na haƙora ya ishe ni igiyar tamfol da ta shanu. Ba kowa ne zai riƙa yawo da wuƙa biyu ba.

Manomin Auyo: Ni ina ganin an manta da lauje. Mu masu shinkafa mun daɗe da wannan gardamar. Laujen kanti mai ƙananan haƙora ya fi saurin yankan shinkafa idan ta bushe, ba sai ka fizga da ƙarfi ba, don haka zangarniya ba ta girgiza ta zubar da ƙwaya sosai. Amma ɗanyar ciyawa ta dabbobi da harawa, laujen maƙera ya fi daɗin hannu, kuma in ya dakushe a gona za ka wasa shi ka ci gaba. Na kanti in haƙoransa suka cinye yawanci jefarwa ake yi. Duk gidan manomi da na sani yana da duka biyun, ba wanda ya ce sai ɗaya.

Ɗan Kadawa: Kawu, wallahi kuɗin ɗaya gare ni yanzu, taki ya cinye sauran.

Baba Maƙeri Wudil: To in ɗaya ce, sumul. Igiyar leda ta buhu da mesa ba igiyar jirgi ba ce, ba kuma ta shanu ba ce. Ga dabara. In za ka wasa ta saboda igiya, kada ka kai ta kan dutse mai laushi ka goge ta ta yi sheƙi. Ka tsaya a dutse mai kaushi. Bakin zai fito da 'yan ƙananan haƙoran da ido ba ya gani, su ne za su kama leda. In kuma fiɗa ce ko aski, sai ka ƙarasa a mai laushi ka goga a fata. Wuƙa ɗaya, washi biyu.

Masuncin Hadejia: Wannan kaushin ba ya kai yamma a wurinmu, Baba. Amma ga mai gona na yarda zai yi.

Mai Nama Gujungu: Alhamdu lillahi, an zo wurin.

Masuncin Hadejia: Ba a zo ba, Alhaji. Na ce ga mai gona. Damina tana zuwa, kuma kowa ya san yadda ruwa ke yi mana a Auyo da Hadejia da Ringim. Ranar da za ka kwance dabbobi daga turke ruwa yana kai maka ƙugu cikin duhu, za ka so a ce mai haƙora ce a hannunka.

Shugaban Zaure: Jama'a, muhawara ta yi amfani. Tunatarwa ɗaya ga matasanmu. Wuƙar aiki a gona take, ko a jirgi, ko a mota. Kada a sa ta a aljihu a shiga gari ko taron biki ko filin ƙwallo. Kun san halin da ake ciki da faɗan daba da ƙwacen waya, jami'an tsaro in sun same ka da ita ba za su tsaya tambayar irin bakinta ba.

Malamin Fasaha Ringim: Gaskiya ne. Kuma ko wacce za a saya, a gwada makullinta a gaban mai kanti. Buɗe ta, ka riƙe yatsunka nesa da inda ruwan ke komawa, ka danna bayan da ɗan ƙarfi. In ta motsa ko ta rufe, ajiye masa kayarsa. Ka kuma girgiza ruwan hagu da dama, in yana lilo ƙusar tsakiyar ba ta da kirki. Mai haƙora ta fi buƙatar makulli mai ƙarfi, saboda gaba da baya ake ja da ita, kuma in haƙori ya kama abu yayin da kake turawa, kan yatsu take rufowa. Raunin da take yi kuma yagagge ne, ya fi wuyar ɗinki.

Maman Ummi: Baba, ni tambayata tsatsa. Wuƙar maƙera ta fi ta kanti kaifi, amma da ta kwana da danshi sai ta yi ja. Maigidana baƙin mai yake shafa wa tasa, ni kuma ina ƙyamar hakan.

Baba Maƙeri Wudil: Kin yi daidai, 'yata. Baƙin mai na fartanya ne da gatari, ba na abin da zai taɓa abinci ba. Baƙin ƙarfe dole ya yi tsatsa in an bar shi da ruwa, farin ƙarfen kanti ne ba ya yi, shi kuma na arharsa ba ya riƙe kaifi. Da kin gama aiki ki wanke, ki goge da busasshen tsumma, ki ɗiga man gyaɗa ki shafe ruwan. In mai ninkewa ce, a ɗiga kaɗan a wurin ƙusar a buɗe a rufe har ya shiga. Wadda ta riga ta yi ja, toka da ɗan ruwa a jikin tsumma za su fitar da ita. In kika ga ta yi duhu ba ja ba bayan kin yanka albasa ko lemon tsami, ki bar shi haka kada ki kankare, wannan duhun yana rage mata kama tsatsa.